Kowa Ya Ji Alat, Nawa Albashin Shiru

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu ya biya albashi tun ranar Juma'a, abokan aikina duk sun samu, ni har yau Talata shiru. Ofis sun ce sun tura, banki sun ce ba su ga komai ba. Ina zan kama?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da farko kada ka dogara da alat, saƙon waya yakan maƙale alhali kuɗin na ciki. Duba abin da ke asusunka ta manhajar banki, ka kuma ciro sitatimen na mako guda. Wani lokaci albashi yakan shiga, sai bashin da banki ke bin mutum ya cinye shi nan take.

In da gaske bai shiga ba, koma wurin akantan ofishinku. Kalmar "mun tura" ba ta isa hujja ba. Ya ba ka ranar da aka tura, da lambar asusun da ya rubuta, ka gwada ta da taka ɗaya bayan ɗaya, domin kuskuren lamba guda cikin goma ya isa ya ɓatar da kuɗi. Sannan ya karɓo maka lambar shaidar turawa daga bankin kamfanin, wadda ake kira Session ID, mai lambobi 30. Da ita bankinka zai bi sawun kuɗin. In ba ita, "ba mu gani ba" za a ta maimaita maka. Idan turawar ce ta gaza, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin su koma wa mai turawa cikin awa 24, don haka akanta ya duba ko sun dawo.

Wani abin da kan kama sababbin ma'aikata shi ne matakin asusu, wato ajin da banki ya sa asusun mutum. Asusun mataki na ɗaya ba ya karɓar fiye da naira 50,000 a lokaci guda, ga shi mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 tun 2024. Je reshe da katin shaida da hoto a ɗaga maka mataki. Ka tabbatar kuma an haɗa BVN da NIN ɗinka da asusun, kuma sunanka iri ɗaya ne a ko'ina.

Duk ƙorafin da za ka kai banki, rubuta shi, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Kafin nan, gara ka nemi ofis su ba ka wani abu daga albashin da ka faɗa hannun manhajojin ba da bashi, ruwansu na da zafi.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, na canza banki, albashin watan nan bai zo ba.
Mai karatu daga Gusau

Amsa: Malama, duba tsohon asusun tukuna, galibi can yake tafiya idan canjin bai riski jadawalin watan ba. In kin riga kin rufe shi, kai wa jami'in IPPIS (tsarin biyan albashin ma'aikatan gwamnatin tarayya) na ma'aikatarku wasiƙa tare da sitatimen ɗin asusun biyu, domin a nemi sake biya.