Tambayi Likita: bugun fuska da ƙwaƙwalwa

Tambaya: Dokta, yarona ya faɗi wajen ƙwallo a Asawase haƙorin gaba ya fita, ana iya mayarwa?

In haƙorin girma ne ana iyawa Hajiya. Kar ki taɓa saiwar, jefa shi cikin madara, ku isa wajen likitan haƙori kafin awa ɗaya. Haƙorin yarinta kam ba a mayarwa.

Tambaya: In mutum na haɓo, ɗaga kai sama ake yi?

A'a. Sunkuyar da kai gaba, matse hanci minti 10. Ban da cusa ganye ko tsumma don Allah. In bai tsaya ba, asibiti.

Tambaya: Dokta, ƙanina ɗan okada ne, ya yi karo da pragya (keke mai ƙafa uku) a Aboabo fuskarsa ta bugi ƙarfe. Kewayen idonsa ya yi baƙi, wani ruwa fari na ɗiga ta hanci amma yana magana lafiya lau. Manya sun ce tunda fuska ce ta tare bugun ai kai ya tsira, ana gasa masa da ruwan zafi, gobe za a kai shi wajen maɗori.

Ɗan'uwa, kafin ka gama karanta wannan ku ɗauke shi zuwa asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ɓangaren gaggawa, ko ku kira 112. Yau, ba gobe ba.

Maganar manya tana da ɗan tushe, shi ya sa take cutarwa. Ƙasusuwan fuska guda 14 ne, wasunsu sirara, in sun karye suna shanye wani ɓangare na ƙarfin bugun. Tun 1901 wani likitan Faransa, René Le Fort, ya gwada a kan gawawwaki ya gano layukan da fuska take bi ta karye. Yanzu da kwamfuta ake yin irin wannan gwajin, a ɗauki hoton sikan na kan mutum a gina irinsa a ciki, a raba shi ƙananan gutsattsari dubbai, a buge shi ta haɓa ko kunci ko goshi a ga inda ƙarfin ya bi. Kuma ba a fuska yake tsayawa ba, yana bin ƙashi har gindin ƙoƙon kai, ita kuma ƙwaƙwalwa laushinta kamar ɗanyen wagashi (cuku), kai na girgiza sai ta bugi bangon ƙoƙon ta ciki ko da ƙoƙon bai fashe ba.

Wannan farin ruwan shi ya fi tayar min da hankali. Zai iya zama ruwan da ƙwaƙwalwa take kwance a ciki, wato ƙashin saman hanci ya tsage, ƙofa ta buɗe wa sanƙarau. Kar ya fyace hanci, kar a toshe, kar a ɗura masa komai. Maganar da yake yi lafiya kuma ba shaida ba ce, jini na iya taruwa cikin kai a hankali mutum na hira da dariya, bayan wasu awoyi sai amai, barci mai nauyi, farfaɗiya.

Maɗori kuma me zai ɗora a nan fisabilillahi? Hannunsa na gani cikin kai ne? Ruwan zafi da man shafawa ba sa kaiwa inda jinin yake. Kuma kar wani ya ba shi tramol ko asfirin, ɗaya zai ɓoye alamun, ɗaya zai ƙara zubar jinin. Na san kuɗin sikan da nauyi, ku haɗa a gida da masallaci, amma ku fara isa asibitin tukuna.

Tambaya: Hular kwano rabi ta isa?

Ta fi babu, amma haɓa da fuska a waje suke. Sayi mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyar, fasinjanka ma ya saka.