Abin da ya sa ba ma tsoma baki a rigimar shugabannin Somaliya

Ƙanena, ka tambaye ni me ya sa mu Hausawan Miniyafolis ta Amurka muke yin gum idan Somalawa suka ɗauko zancen shugabanninsu, alhali sahu ɗaya muke bi a masallaci, a shagunansu muke sayen nama. Har ka ce ko tsoro ne. Wallahi ba tsoro ba ne, zama da su ne ya koya mana.

A ƙarshen Disambar 2021, ranar da Shugaba Farmajo ya ce ya dakatar da firaministansa Roble bisa zargin cinye filin sojoji, shi kuma Roble ya ce yunƙurin juyin mulki ne, muna zaune wurin mai shayi a Karmel Mall, kasuwar Somalawa, bayan la'asar. Dattawa biyu masu jan gemu na lalle, waɗanda mota ɗaya ta kawo su, kowa ya ɗaga wayarsa yana nuna wa ɗan'uwansa, shayi ya huce ba wanda ya kurɓa. Su da kansu suna kiran irin wannan zama "fadhi ku dirir", wato yaƙi daga zaune. Sai wani yaronmu sabon zuwa ya ce ai Farmajo ɗan kishin ƙasa ne. Wurin ya yi tsit. Na taka masa ƙafa.

Abin da bai sani ba, a can sunan shugaba sunan dangi ne. Tun taron Arta na 2000 suke rabon mulki da tsarin 4.5: manyan dangogi huɗu, Darod, Hawiye, Dir da Rahanwen, kowanne kujera 61 a majalisar wakilai mai mutum 275, ƙananan dangogi su raba 31. Har zuwa zaɓen 2022, talaka ba ya jefa ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa. Dattawan dangi ke fitar da wakilai, wakilai su zaɓi 'yan majalisa, su kuma su zaɓi shugaba. A lokacin, idan aka haɗa da 'yan majalisar dattawa, mutum ɗari uku da 'yan kai ne ke naɗa shugaban ƙasa, ka ga kuwa kuɗi ba zai sha wahalar gano ƙofofinsu ba. Masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2009 da 2010, cikin kowace dala goma da ta shigo hannun gwamnati bakwai ba su isa baitulmali ba. A 2013 shugabar babban bankinsu, Yusur Abrar, ta ajiye aiki bayan mako bakwai kacal. Hasan Shek ya karɓi mulki daga Farmajo a Mayun 2022, amma rigimar ba ta mutu ba, ta koma tsakaninsa da jihohin Funtland da Jubaland.

Duk wannan yana ci mini rai, don maƙwabtana ne, na ga hawayensu. Amma idan na ce wane ɓarawo ne, wanda ke gefena kawunsa na zaga.

Shi ya sa idan 'yan siyasarsu suka zo gari aka shirya liyafa, ba ma zuwa. Ta'aziyya kuwa da suna da ɗaurin aure ba ma fashi. Lokacin farin 2022 mun yi karo-karo a tsakaninmu, ba mu bi ta hannun wani jami'i ba. Wani maƙwabcina direban babbar mota muka damƙa wa, ya aika ta hawala, wato dillalan tura kuɗi, zuwa Baidowa wurin mahaifiyarsa, ita ta raba wa matan da suka gudo daga ƙauyuka. Bayan kwana biyu ya kawo mini wayarsa na ji muryarta tana sa mana albarka.