Tambaya da Amsa: Mayar da ƙaramin jirgin rimot mai inji ɗaya zuwa mai biyu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgin sama na rimot mai injin lantarki ɗaya a hanci. Tsawon fuka-fukinsa mita 1.4, nauyinsa kilo 1.2 da batir. Ina so in cire injin in ɗora biyu a kan fiffike. Me zan tanada, kuma ina haɗarin yake?
Mai karatu daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin zai yiwu, amma ka sani tun farko cewa samun ƙarfi ba shi ne wahalar ba. Daidaito ne wahalar, gaba da baya, hagu da dama.

Jirgin zai ƙara nauyin giram 150 zuwa 200, kuma irinsa yana son wat 200 ga kowane kilo. Injuna biyu samfurin 2212 masu KV 1400 (juyi 1400 a minti ga kowane volt), da farfela inci 8x6 (tsawo inci 8, murɗi inci 6), da batir LiPo 3S (na lithium mai sel uku) mai 2200mAh sun wadatar. Kowane zai ja kusan amfiya 15, jimilla 30, don haka kada batir ya gaza 25C (C ma'aunin yawan wutar da batir ke iya fitarwa ne). Ka sayi injunan tare, iri ɗaya, kamfani ɗaya. Kowane inji da tasa na'urar sarrafa gudu, wato ESC, mai amfiya 30. Guda ɗaya ba ta tuƙa biyu yadda ya kamata.

Mazaunin inji ka yanka shi daga fulawud mai kaurin milimita 3, ka liƙa shi da gam irin Araldite a jikin ƙashin fiffike. Idan a soso kawai ka manna shi, girgiza za ta ɓalle shi a sama. Ka ƙara sandar kabon mai milimita 5 ta ratsa tsakiya ta wuce mazaunin biyu. Idan faɗin gangar jirgin santimita 10 ne, kowane inji ya zauna santimita 17 daga tsakiya, bakin farfela ya bar tazarar santimita 2. Kada ka nisanta su fiye da haka, don nisan ne ke ƙara muni ranar da ɗaya ya tsaya.

Wajen waya ne aka fi yin asara. Ka haɗa ESC biyun da waya mai reshe biyu zuwa ramin totur na risiba, wato na'urar da ke karɓar saƙon rimot, amma ka zare jar wayar tsakiya ta ɗaya daga cikinsu, kada su biyun su riƙa tura wa risiba wuta lokaci guda. Idan waya ta gaza, ka tsawaita ukun da ke zuwa inji. Tsawaita ta batir na haifar da tsallen wuta da ke cinye kafasitocin ESC. Sannan ka cire farfela, ka saita iyakar totur ga su biyun tare, su tashi tare su tsaya tare.

Muna ba da shawarar farfelu su saɓa juyi. Ka musanya biyu daga wayoyi uku na inji ɗaya, ka sa masa farfela mai juyin baya, ta yadda saman kowace zai karkato wajen gangar jirgi.

Da ka cire injin hanci, jela za ta rinjaya, kuma jirgi mai nauyin jela ba ya jin rimot. Ka tura batir can cikin hanci. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu daidai wurin da yake daidaita a da, galibi kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba, hanci ya ɗan sunkuya kaɗan. Ka lura kuma iskar farfela ta daina bugun tsayayyen allon jela, sai juyawa ta yi sanyi a ƙaramin gudu. Ƙara faɗinsa da kwata yana taimakawa.

Idan inji ɗaya ya tsaya a sama, jirgin zai fizga ya karkata ɓangaren da ya mutu. Kada ka ƙara wuta. Ka kashe totur gaba ɗaya, ka sunkuyar da hanci, ka sauko da shi a hankali. Sau da yawa raunin batir ne ke sa ESC ɗaya ta yanke kafin ɗaya, don haka ka sa agogo ka sauka a minti 4 a gwajin farko.

Tambaya: A ina ya dace a yi gwajin, kuma yaushe?
Ɗalibi daga Rigasa

Amsa: Fili mai faɗi wanda ba jama'a ba wayar lantarki, da sassafe kafin iska ta tashi. Ka nisanci filin jirgin saman Kaduna da sansanin sojin sama na Mando, da duk wata harabar jami'an tsaro. Lokacin hunturu ƙura na shiga cikin inji, ka hure ta bayan kowane tashi. A zafin Maris da Afrilu kuwa kada ka bar batir a rana ko cikin mota a rufe. Wanda ya kumbura ka daina amfani da shi.