Tambayi Likita: wai ƙanwata ta taɓa rayuwa a wani jiki

Tambaya: Likita, wai hifnosis barci ne?

Amsa: A'a ɗan'uwa, ba barci ba ne, wata hanya ce ta sa mutum cikin natsuwa mai zurfi ta hanyar yi masa magana. Kana ji kana gani, hankalinka ne ke tattaruwa wuri ɗaya, sai ka riƙa saurin karɓar abin da aka gaya maka. A hannun ƙwararre yana ɗan taimakawa wajen rage zafin ciwo da fargaba.

Tambaya: Nakan shiga wurin da ban taɓa zuwa ba, sai in ji kamar na san shi. Ko na taɓa rayuwa a can ne?

Amsa: Mutane da yawa na jin haka, ƙwaƙwalwa ce ke ɗan rikicewa na daƙiƙu. Amma in yana zuwa akai-akai, da jin wani wari ko ɗaukewar hankali, maza asibiti, wata farfaɗiyar da haka take farawa.

Tambaya: Likita, ƙanwata na fama da firgita da ciwon damuwa. Wani a intanet ya yi mata hifnosis, ta ga wai a rayuwarta ta baya ruwa ne ya ci ta, ya ce yanzu ta warke ta daina shan magani. Ta daina sati biyu ke nan, ba ta barci, sai kuka.

Amsa: 'Yar'uwa, wallahi wannan ya ɓata min rai. Mutumin da bai taɓa ganin katin asibitinta ba ne zai ce ta ajiye magani? Ki kai ta wurin likitanta yau, ba gobe ba. Maganin damuwa ba a yanke shi lokaci guda, yana kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma ya dawo da ƙarfi.

Abin da ta gani kuwa, ba ƙarya take yi ba, ta gani a ranta, amma ƙwaƙwalwa ce ta haɗa labarin daga abin da ta taɓa ji ko ta kalla, shi kuma mai tambayar yana jan ta, ina kike yanzu, me kike gani, akwai ruwa ko? To ai dole ruwa ya bayyana. A 1952 a Amurka an yi wa wata mata Virginia Tighe haka, ta ce ita Bridey Murphy ce da ta rayu a Ailan, ƙasa ta ɗauka, daga baya 'yan jarida suka gano tana yarinya a Chicago akwai wata maƙwabciyarsu mai kusan wannan sunan. Wani masanin halayyar ɗan Adam Nicholas Spanos ma a Kanada ya gwada, ya ga labarin da mutane ke bayarwa yana bin abin da aka fara cusa musu ne, ka tambaye su wa ke mulkin ƙasar da suka ce sun rayu a lokacin sai su yi ta kame-kame. Tun 1985 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce abin da aka tuno ta hanyar hifnosis ba abin dogaro ba ne. Matsalar ita ce mutum ya fito yana da yaƙini ɗari bisa ɗari, ga mai rauni kuma an ƙara mata sabon abin tsoro.

Kar ki tsaya gardama da ita kan ta taɓa rayuwa ko ba ta taɓa ba, ki dai ce mata zo mu je a duba rashin barcin nan. Ku tafi da kwalin maganin, ki faɗa wa likita ranar da ta daina. In kuma ta fara zancen gara ta mutu, kar ki bar ta ita kaɗai ko minti ɗaya, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.