Ku Tambaya Mu Amsa: Wai da gaske Zungeru ta taɓa riƙe Arewa kaf?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni direban babbar mota ne, ina yawan bin hanyar Minna zuwa Kontagora, to kusan kullum sai na tsaya a Zungeru na ci abinci na yi sallah. Rannan muna hira a tasha wani dattijo yake cewa wai nan ce hedikwatar Arewa gaba ɗaya kafin Kaduna, ni kuwa dariya ta kama ni don garin ko rabin Funtua bai kai ba. Don Allah gaskiya ne ko hirar tasha ce kawai?
Daga wani direba, Funtua

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. In ka sake bi ta can ka nemi dattijon nan ka ba shi haƙuri, gaskiya ya faɗa maka, ko kaɗan bai ƙara gishiri ba.

Ga yadda abin ya faru. Ran 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga, wato Frederick Lugard, ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja ya ce Arewa ta shiga hannunsu, alhali a lokacin ko ƙofar Kano ba su gani ba. Ya ɗan zauna a Jebba, to amma Jebba ta yi nisa da ƙasashen da yake hari, shi ya sa bayan sun ci Kontagora da Bida a 1901 sai ya matso gaba, a 1902 ya kafa hedikwatarsa a bakin kogin Kaduna kusa da Wushishi, wurin da tsofaffinmu ke kira Dungurum. Da ma can ƙauye ne, Turawa ne suka yanka filaye suka gina ofisoshi da barikin soja da gidan yari da gidan gwamna, suka kwaso akawuna da masassaƙa da kuku-kuku daga Kudu har da ƙasar Gana da Saliyo, ka ga kenan tun daga tushe garin na baƙi ne, kowa da yarensa amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa.

Abin da ya sa nake jin garin nan a raina shi ne, duk abin da ya sami kakanninmu a shekarun nan daga ofisoshin Zungeru aka tsara shi. Daga nan umarni ya fita aka ci Kano a Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada a Yulin wannan shekarar. Da mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka yi wa Turawa bore a 1906 ma Lugga yana Zungeru labari ya iske shi. Kuma ran da aka haɗe Kudu da Arewa, 1 ga Janairun 1914, Zungeru ce ke riƙe da Arewa. To ka ga wurin da kake tsayawa cin tuwo ba ƙaramin wuri ba ne fa.

Me ya sa suka tashi? Zafi da sauro mana, kai da kake kwana a mota a can ba sai na yi maka bayani ba. Ga kuma layin dogo ya riga ya kai Kano tun 1911, sai suka ga wurin da ake kira Kaduna yanzu ya fi sanyi, ya fi fili, ga ruwa ga jirgi, zuwa 1917 an gama kwashe komai an koma can. Da gwamna ya tashi akawuna suka bi shi, 'yan kasuwa suka bi akawuna, garin ya koma dogaro da tashar jirgi da noma da kamun kifi.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni malamar tarihi ce a wata sakandare, ina son kai ɗalibaina su ga Zungeru da idonsu. Me za mu tarar a can? Sannan wani abokin aikina ya ce Zik a can aka haife shi, haka ne?
Daga wata malama, Zariya

AMSA: Malama Allah ya saka da alheri da wannan niyya. Maganar Zik haka take, ran 16 ga Nuwamban 1904 aka haifi Nnamdi Azikiwe a Zungeru, mahaifinsa akawun Turawa ne, shi ya sa ma ya tashi da Hausa a bakinsa. Ojukwu ma da ya jagoranci Biyafara a can aka haife shi a 1933. Wannan kaɗai ya isa darasin yini guda a aji.

Amma gara in faɗa miki tun yanzu kar yara su je da tunanin za su ga gidan tarihi mai tikiti da mai yi musu bayani. Ni da na je wani ɗan acaba ne ya kai ni, muka bar titi muka kutsa cikin ciyawa har gwiwa, can sai ga ginshiƙai a tsaye babu rufi babu bango, ya nuna ya ce nan ne gidan gwamna, akuyoyi na kiwo a tsakiya, ƙadangaru na shan hantsi a kan matakala. Wallahi na daɗe a tsaye ban ce komai ba, ina tuna cewa a irin wannan farfajiyar aka zauna aka yanke wa sarakunanmu hukunci, wane a tuɓe shi wane a kai shi Lokoja, yau ko allon da zai gaya wa yaro abin da ya faru ban gani ba. Wannan sakaci ne namu, kuma yana yi min ciwo.

Ki tabbata sun je maƙabartar Turawa, a sa su karanta shekarun da ke jikin duwatsun, za su ga da yawa samari ne, zazzaɓi ya kwashe su tun ba su yi nisa ba. Sai gadar jirgin ƙasa da ke kan kogin Kaduna da tsohuwar tasha. A nan ne za ki ba su labarin ɗan siririn layin dogo da aka shimfiɗa daga Zungeru zuwa Barijuko a bakin kogi don ɗauko kaya daga jiragen ruwa, shi ne layin dogo na farko a Arewa, daga baya aka ciccire ƙarafan aka kai su aikin ƙaramin layin Zariya zuwa Jos saboda kuza.

Gadar Lugga kuwa, wadda ake tafiya da ƙafa a kanta, kar ki wahalar da kanki nemanta a can. An kwance ta an kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji, don haka tunda daga Zariya za ku taso ku fara tsayawa ku ganta, in kun isa Zungeru sai yaran su haɗa labarin da kansu.

Akwai kuma sabon dam na wutar lantarki mai megawat 700 da kamfanonin Chana suka gina a kan kogin, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Neja, amma dam ɗin ba a shiga haka kawai, sai kin rubuta takarda tun da wuri.

Sai batun hanya, wanda shi ne ya fi komai. Daga Minna tafiyar kamar awa ɗaya ce, garin yana ƙaramar hukumar Wushishi, kuma kin san yankin Tegina da kewaye ya sha fama da 'yan bindiga. Ki nemi izinin iyaye a rubuce, ki tuntuɓi hukuma da mutanen gari kafin ku tashi, ku kwana a Minna ku shiga da hantsi ku fito kafin la'asar, in aka ce muku hanya ba kyau ku ɗaga tafiyar. Ki fi son lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, ciyawa ta bushe ana ganin kufan sosai, kuma kowane yaro ya sa takalmi rufaffe saboda macizai.