Tikitin Legas Mai Sauƙi Daga Zariya

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka samu tikitin jirgin Legas da rahusa. Tunda filin jirginmu na Zariya na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne, sai ka tashi daga wani gari, amma kada ka tsaya kan Kaduna kaɗai. Duba farashin Kano da Abuja. Jiragen Abuja sun fi yawa, kuma inda kamfanoni ke gogayya kuɗi kan sauka. Sai dai ka lissafa kuɗin mota daga tashar Kwangila ta Zariya, ko na jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa Abuja, kada rarar ta ƙare a hanya.

Ka saya makonni kafin tafiya, a shafin kamfanin. Gab da Sallah da ƙarshen Disamba kuwa farashi wuta yake yi, don Allah ka kauce musu. Ka auna jakarka tun a gida, kuɗin ƙarin kilo da ciwo.