Amsa ga mai tambaya kan macizai a sabon gida

Wa alaikumus salam. Malam na ga tambayarka, ka ce tunda kuka tare a sabon gidanku a bayan gari kuke ta ganin macizai, alhali duk zamanku na cikin gari ba ku taɓa gani ba, har wasu suna ce maka turo ne. Abin da ke ɓoye Allah ne masani, amma kafin ka kai kuɗinka wani waje don Allah ka fita ka zagaya gidan nan ka dubi irin ƙasar da kuka yi gini a kai da abin da ke kewaye da ku. Na daɗe ina noma a kudancin Gombe, kuma abin da na gani shi ne maciji ba ya zama waje haka kawai, sai in akwai abinci da maɓoya da ɗan laima. In ukun nan suka haɗu zai zo ko gidan waye.

Kuma kowane iri da wajen da yake so. Kububuwa, wadda wasu ke cewa gobe da nisa, ita busasshiyar ƙasa mai duwatsu da tsakuwa da gajeriyar ciyawa take so, shi ya sa ta yi yawa a Kaltungo da Billiri da Balanga, da su Langtang a Filato da Karim Lamido a Taraba. Ba banza ba aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo. Ƴar ƙarama ce, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, launinta sak na ƙasar wajen, da rana tana ƙarƙashin dutse ko cikin tsagar ƙasa, da dare ta fito musamman in an ɗan yi yayyafi. Lokacin girbi za ka tara damin dawa ko ka tuge gyaɗa ka bar ta a gona ta sha iska, kwana kaɗan ɓeraye da ƙwari sun taru a ƙasa ita kuma ta biyo su, mutum ya zo da safe ya zura hannu zai ɗaga dami shikenan. Na ga wanda aka sara haka a yatsa, ya ce ai ba komai ɗan ciwo ne ya ci gaba da aikinsa, kafin washegari jini na fita ta dasashinsa, saboda dafinta hana jini daskarewa yake yi. Allah ya sa an kai shi asibiti ya tashi.

Kasa kuma ciyawa mai duhu da busasshen ganye take so, a gefen hanyar ƙafa, ta kwanta tana jiran ɓera ya gifta. Ba ta gudu in ta ji motsi, yawanci taka ta ake yi. Mesa sai fadama da bakin rafi. A dajin kudu mai manyan itatuwa akwai irin nasu da ba ma gani a nan, can wajen Agadas kuma akwai mai nutsewa cikin rairayi sai ido kawai a waje.

Amma wanda nake zargi a gidanka kumurci ne, baƙin nan mai fasa kai yana tofi, don shi ne ya saba da mutane. Kaji da ƙwai da ƴan tsaki, ɓeran sito, kwaɗin da ke taruwa inda ruwan wanka yake kwanciya a bayan katanga, duk abincinsa ne. Makwancinsa kuma tsohon suri ko ramin gafiya. To kai yanzu duba unguwarku, sabuwar unguwa ce, bara ko bara waccan gona ce ko jeji, ku kuka same su a wajen. Filayen da ba a gina ba duk ciyawa ta rufe, ga kango, ga tarin bulo da aka jibge aka manta, ga yashi da katakon kafinta, ga ramin da aka haƙa na masai ba a rufe ba. A cikin gari ko'ina siminti ne da kwalta da hayaniyar mutane, ina zai ɓoye? In kuma gidan a ɗan tudu yake kusa da kwari, da ruwa ya cika ramukansu a watan Agusta sama za su hauro. Haka in an cinna wa jeji wuta da kaka, inda bai ƙone ba nan suke nufa.

Abin da zan ba ka shawara, ka nome ciyawa ka bar fili fetal kewaye da katanga, maciji ba ya son ratsa sarari don shaho da mutane. Itacen girki da kara a ɗaga su daga ƙasa a nesanta su da ɗaki, akurkin kaji ma kar ya jingina da ɗakin kwana, a toshe ƙasan ƙofa da ramukan ɓera, bututun da ruwa ke fita a sa masa raga. Hatsi a rufe shi da kyau, in ɓera ya rasa abinci rabin matsalar ta tafi. Maƙwabta ma ka yi musu magana, don in ka gyara naka kangon da ke jikinka yana nan to aikin bai cika ba. Yara kar su fita fitsari da dare ba tocila ba takalmi, wannan ina roƙonka, masu kwana a tsakar gida lokacin zafi kuma su sa gidan sauro su cusa bakinsa ƙarƙashin katifa.

In Allah ya kiyaye aka yi sara, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya, a cire zobe ko awarwaro, a hana shi tafiya da ƙafarsa a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. In tofi ne a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take sannan a tafi. Tun yau ka bincika wane asibiti ne kusa da ku yake ajiye allurar, ba kowanne ke da ita ba. In da hali ka turo mana hoton bayan gidan da filin da ke gefenku mu gani.